Shekarar da Baba Ya Ƙi Tsayawa

Ina gidanmu wankan jegon ɗana na fari aka zo da labarin an sake yanka da'ira, wato yankin zaɓe. A da ƙauyukan Hausawa uku ne muke fitar da wakili guda zuwa majalisar yanki. Sai aka bi babbar tur'a, magudanar da ke kawo wa gonaki ruwa daga madatsar Makwar, aka raba mu: biyu suka faɗa ƙetare, mu kuwa aka haɗa mu da ƙauyukan Larabawa na wajen garin Hajj Abdalla.

Baba ne wakilinmu, sau biyu a jere. Tun zaɓensa na farko ya faɗa a ƙofar masallaci cewa biyu zai yi ya sauka. Babu dokar da ta tilasta shi, shi ya ɗora wa kansa.

Da hantsi dattawa suka cika rumfarmu, ina jin su daga ɗaki. Ƙanin Baba ne ya buɗe magana.

"Yaya, kai kaɗai mutanen nan suka sani. In ba ka tsaya ba, kujerar ta tafi."

"To ta tafi," in ji Baba. "Na yi magana gaban jama'a. In na tashe ta yau, da wane baki zan je majalisa in ce an yi mana alkawarin ruwa ba a cika ba?"

Suka yi ta lallashi har azahar, bai motsa ba. Sai ya nuna musu wani magidanci da zai tsaya, maƙwabcin hawasharmu, gonar auduga ke nan, mai karatun Larabci da haƙurin sauraron mutane. Baba ya hau jakinsa ya zaga da shi ƙauyukan nan gida gida.

Mutuminmu ya faɗi. Wani Balarabe manomi ya ci.

Abin ya yi mana ciwo. Har aka gama tsinkar auduga akwai waɗanda ba sa amsa sallamar Baba. Inna ta daina zuwa rijiya da safe saboda habaici. Ni ma na yi fushi, na gaya masa.

"Ke dai ki ba yaron nan nono," ya ce.

Bayan damina sai ga sabon wakilin a kan jaki, ya iske Baba yana buɗe wa dawa ruwa. Ya ce shi bai san kan majalisa ba, a nuna masa. Baba ya wanke hannu a tur'a, suka zauna gindin gabaruwa. Haka ya dinga zuwa kowace Juma'a, har ya iya gaisuwa da Hausa, har aka yashe mana ƙaramar tur'ar da ta yi shekaru a toshe.

A zaɓen gaba maƙwabcin namu ya sake tsayawa, ya ci, da ƙuri'un Larabawa a ciki. Lokacin an fara bai wa mata ƙuri'a. Na bi layi da goyon na biyu, Inna na gabana, tana ta tambayar mata ko sun gane alamar ɗan takararmu.