Nafi'u da abokin nutsonsa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Nafi'u, kuma har yanzu idan aka ambaci sunansa a gaban ƴan uwanmu na Kuala Lumpur, sai wani ya ce, "Ai abokin Azlan ɗin nan." Ni da Nafi'u layinmu ɗaya a Kano, tare aka kai mu makarantar allo, tare muka zo karatu ƙasar nan, muka kama gida ɗaya a unguwar Wangsa Maju. Azlan kuwa Bamaleshiye ne da suka haɗu a jami'a daga baya.

Shi ya koya masa nutso. Mutumin da na san ko rafi ba ya shiga, sai ga shi yana goya tukunyar iska a baya, yana sauka ƙarƙashin teku da bindigar mashi. Duk hutu sai su nufi gaɓar teku ta gabas, su hau kwalekwale zuwa duwatsun ruwa masu nisa inda ba a hana kamun kifi ba. Ya dawo fata ta ƙone, da kifi cikin ƙanƙara, wani lokacin da lobsta, ƙaton jatan landen nan mai dogayen gashin baki. Ni ke dafawa, su ke ba da labari. A shagon mamak, inda muke shan shayi, za su kalli juna, ɗaya ya motsa yatsu, su fashe da dariya. Alamun masu nutso ne, na magana a cikin ruwa. Sun gayyace ni, ban je ba, don ina tsoron ruwa.

Da aka kulle gari saboda korona, gaskiya na ji daɗi. Babu tafiya, babu teku. Muka koma mu biyu kamar da, muna yin tapau, wato sayo abinci a ƙunshe mu ci a gida, muna hirar gida. Shi kuwa kullum yana baranda yana goge kayan nutsonsa.

Sai cutar ta kama shi. Aka kwantar da shi, ba a barin kowa ya shiga. Wata rana da hantsi ma'aikaciyar jinya ta haɗa mu ta bidiyo, ni daga ɗaki, Azlan daga gidansa a unguwar Cheras. An rufe wa Nafi'u baki da hanci da abin shaƙar iska, ba ya iya magana. Na ce, "Yaya jikin, mutumina?" Ya ɗaga babban yatsa sama. Na yi hamdala, na ce sauƙi ya samu. Sai na ga Azlan ya mayar masa da alamar, hawaye na zuba.

Bayan an katse Azlan ya kira ni. "Abang," haka yake ce mini, wato yaya, "a wajenmu wannan ba lafiya lau ba ce. Idan mai nutso ya yi haka, yana nufin ya gama, zai hau sama."

Washegari Allah ya karɓi ran Nafi'u. Maganarsa ta ƙarshe a gabana ya yi ta, amma ba da ni ya yi ba. Wannan abin bai sake ni ba har yau.

Yanzu hanyoyi a buɗe suke, kwalekwale na fita kullum. Da yana nan, na san ba zan riƙa ganinsa ba sai ranar Litinin, yana warin gishiri. Wataƙila da ya yi mini dariya ya ce, "Kai da ka ƙi shiga ruwa, da wa kake fushi?"

Mahaifiyarsa, Hajiya, takan kira ni ta ce in ba ta labarin zaman ɗanta a nan. Na ba ta na karatu, na masallaci, na girki, har suka ƙare. Waɗanda suka fi sa ta dariya su ne na teku: yadda lobsta ta taɓa kufce masa ya bi ta har cikin kogo, yadda yake yin bisimilla kafin ya faɗa ruwa. Duk daga bakin Azlan na ji su.

Bara ta ce, "Ɗan nan, haɗa ni da yaron, in ji da kunnena."

Na haɗa su ta waya. Ita ba ta jin Turanci, shi ba ya jin Hausa. Duk ƙarshen wata muke zama, yana ba da labarin Nafi'un da ban taɓa gani ba, tana sa masa albarka, ni kuma ina tsakiya ina fassarawa. Ban taɓa rage ko kalma ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Nafi'u, ya haskaka makwancinsa.