Kaset ɗin da na bari a rana

Cikin duk abin da ya same ni a shekarun karatuna a Makka, akwai yini ɗaya da na san ba zai taɓa fita daga raina ba, wato ranar da na lalata wa wani dattijo kaset.

Maƙwabcina ne a unguwar Hindawiyya, direban tasi, Bahaushen da ya taso a Sudan. Wata rana ya rage mini hanya, hira ta yi daɗi, sai ya ce da ƙuruciya shi ke kaɗa jita a wata ƙungiyar kiɗan rok a Khartum. Su biyar ne. Da gajerun waƙoƙin biki suka fara, daga baya suka shigo da sarewa da kalangu, har waƙa ɗaya ta riƙa cin minti ashirin tana sauya taki. Masu biki suka daina kiransu. Ya yi dariya ya ce, "Ya waladi, ɗana, amarya sai ta yi barci ba mu gama ba."

Sauran huɗun duk sun rasu. Kaset ɗaya na kiɗansu ya rage, kuma tun zuwansa Makka bai saurara ba, don ya ɗaukar wa kansa ba zai kunna kiɗa a cikin Harami ba. Ni da karambanina na ce mu je shagunan unguwar Kudai a juye masa shi a waya. Da hannu biyu ya miƙo mini shi a cikin mota.

Muna isa aka kira Azahar, shaguna suka fara rufewa. Na ɗora kaset ɗin a gaban gilashin motar, muka wuce masallaci. Da muka dawo rana ta lanƙwashe shi kamar busasshen ganye. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

"Ma'alesh, ba komai," in ji shi, ya tayar da mota.

Hanyar Jidda ya kama, bai tsaya ba sai da muka fita iyakar Harami. Ya kashe injin, ya lumshe ido, ya fara rera kiɗan jitarsa da baki. Duwatsu suna rawa cikin zafin rana, na ji kamar ba a duniyar nan muke ba. Can sai ya yi shiru, yatsansa kawai ke buga sitiyari a hankali. Na ɗauka ya manta ne.

"Baba, an gama?"

"A'a. Nan mai sarewa yake shigowa. Nawa kaɗai na haddace."

Ya jira shi har ƙarshe, sannan ya ci gaba. Sau huɗu ya yi wannan jiran, ni kuwa hawaye nake.

Tun daga ranar na koyi cewa duk abin da mutum ya miƙo mini da hannu biyu, ba na ajiye shi ko'ina sai na mayar masa da hannu biyu.