Ranar da na sauke taubashina a Idumota

Shekarar da aka fara shigo da wayar salula taubashina ya zo mana Agege daga Kano, ni kuwa tun bara nake jiransa.

Ga abin da ya yi mini. Ni haihuwar Ikko ne, a gidan haya na tashi, inda ɗaki ke kallon ɗaki, kowa na ratsa tsakar gida. Da na je Kano hutu, ya kai ni gidan wani abokinsa, ya tsaya a zaure, ni kuwa na danna kai ciki har wurin matan aure. Yana kallo, bai ce uffan ba. Wata tsohuwa ta biyo ni da muciya har titi. Sati biyu dangi suna yi mini dariya.

To, ga shi a hannuna. Da safe ya ce in kai shi bakin teku da dogayen benaye, zai ɗauki hoto ya kai wa budurwarsa. Ya fito cikin farar shadda, babbar riga ta sha sitati, ga hula. Da damina fa! Na kalle shi sama da ƙasa, na ce, "Kai, taubashi, ka haɗu."

Na ari wayar babanmu, muka kama danfo, ƙaramar bas ta haya, zuwa Oshodi, daga nan na cusa shi a molue, doguwar motar nan da na tsaye suka fi na zaune yawa. Wata mata ta jingina masa kwandon kifi, mai tallar maganin basur yana ihu a kunnensa.

"Wai ina tekun ne?"

"Yi haƙuri, oga, Ikkon gaske zan fara nuna maka."

Duk ɗan Ikko ya san molue ba ta tsayawa, rage gudu kawai take yi. Sai ka fuskanci inda ta dosa, ka dira kana ɗan gudu tare da ita. Da muka haye gada muka shiga kasuwar Idumota na tuna muciyar nan, na ja bakina na yi gum. Na dira abina. Shi kuwa ya tsaya a ƙofa yana jiran direba ya taka birki, har kwandasta ya daka masa tsawa. Sai ya juya baya, ya haɗe ƙafa biyu, ya yi bisimilla.

Tim! Cikin kwata. Hular ta bi ruwa.

'Yan kasuwa suka ɗauki shewa, wata Bayarabiya mai gwanjo tana ta yi masa sannu tana dariya. Kafin ya miƙe na gama danna wa yayarsa saƙo ta wayar mijinta a Kano: "Naku ya sauka lafiya. A kwata."

"Don Allah me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kai ka gaya mini a zaure?"

Ya sa hannu yana share baƙin ruwan da ke ɗiga daga gemunsa.

A wurin mai gwanjon nan muka samo masa wata riga ja da wandon jins da bai kai idon sawu ba. A haka na zagaya da shi lungunan tsohon gari, inda tsofaffin benaye suka kusa haɗa kai, igiyoyin shanya sun ratsa sama. Muka yi azahar a wani ƙaramin masallaci bayan masu sayar da leshi, muka ci wake da burodi a tsaye. Ya cinye nasa tas, har ya nemi ƙari, amma bai yi mini magana ba.

Tekun kam daga kan gada ya hango shi. Hoto kuwa an ɗauka, ni na kira mai hoton, ya ɗauke shi cikin jar rigar. Taubashin ya ce in yaga, na ce to. Na wanke guda uku, na ba direban motar shanun babanmu ya kai Kano.