Mai Guga a Ƙofar Ɗakin Wankin Ƙoda

Shekara ashirin da biyu Mai Guga ta yi tana tsaye a gaban teburin guga ɗaya, a wani ɗan shago da ke tsakanin mai aski da mai sayar da katin waya. Duk layin an san ba a taya mata farashi, ba a kuma ce mata ta yi sauri. Mijinta mai walda ne, mutum mai barkwanci. Da ƙodarsa ta gaza aka ɗora shi a kan na'ura, sai ya riƙa cewa, "Gidanmu yanzu wanki da guga ne. Ni ake wankewa, ita take guga."

Litinin da Alhamis take rufe shago ta raka shi asibiti. Ɗakin wankin ƙodar gado takwas ne, kuma mutum takwas ɗin nan sun zama kamar 'yan uwa. Akwai tsohuwar malamar makaranta da ke gyara wa kowa magana, akwai direban tanka da ba ya rabo da ƙorafi. Masu jinya na zaune a benci a waje, suna musayar lambar waya da labarin hawan jini.

Da annoba ta shigo, wata Litinin suka tarar da kwaɗo a ƙofar. Takardar da aka manna ta ce an mayar da sashen wurin killace masu sabuwar cutar, a nemi babban asibitin da ke ɗaya ƙarshen gari. Ga shi an hana motoci fita. Mai Guga ta ari baro, ta shimfiɗa bargo, ta ce ya hau.

"Haba uwargida, da girmana?"

"Maigida, girman naka zai jira mu a gida. Hau."

Awa uku ta yi tana turawa. A can aka ce sai an gwada shi tukuna, sakamako kwana uku. Kwana ukun suka zama goma sha ɗaya. Ƙafafunsa suka kumbura har wando ya daina shiga, numfashi ya koma sai a zaune. Kullum tana zuwa tambaya, kullum ana ce mata gobe. Ranar Juma'a da hantsi ya cika, yana jingine da kafaɗarta. Washegari saƙo ya shigo wayarsa cewa ba ya ɗauke da cutar.

Masu ta'aziyya suka ce ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Da yayanta ma ya faɗi haka, ta amsa masa a gaban kowa, "Yaya, kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma kwaɗon nan hannun mutum ne ya datse shi."

Ta ɗauki waya ta bi lambobin 'yan benci ɗaya bayan ɗaya. Malamar makaranta ta rasu. Wasu biyu ma haka. Direban tanka ya ɗauka da kansa, muryarsa kamar daga rijiya, ya ce ko ƙorafin ma ya gaji. A rediyo kuwa kullum ana faɗin adadin waɗanda annoba ta kashe, babu ko ɗaya daga cikin nata.

Ta tara iyalan mutum huɗun da suka rage. Suka sa takunkumi, suka zauna a gaban ƙofar mai kwaɗo, kowa nesa da kowa yadda doka ta ce, don kada a sami abin kama su da shi. Mai gadi ya ce su tashi. Ta ce, "Ɗana, benci ne kawai. Shekara huɗu nake zama a kansa."

Sai a kwana na uku shugaban asibitin ya sauko, idanunsa jajur don rashin barci. Ya ce ya ji abin da ya faru, amma ma'aikatansa rabi suna kwance, kuma mijinta ba annoba ce ta kashe shi ba.

"Likita, na sani. Ina da saƙon a waya. Da ta kama shi ma, da ya sami gado."

Ta ci gaba.

"Ban zo neman mijina ba, ya tafi. Mutum huɗu ne suka rage. Na'urorin ba su kamu da cuta ba. Ku fito da su."

Ya ce babu ɗaki. Ta nuna masa ɗakin ajiyar da ke ƙarshen baranda, wanda ta sha ganin ana jibge karyayyun kujeru a ciki. Ya ce babu mai sharewa. Kafin la'asar ita da matan iyalan nan sun kwashe kujerun, sun wanke ƙasa sau uku.

Na'ura biyu aka fito da su, da ma'aikaciyar jinya ɗaya. Ga direban tanka abin ya zo a makare, ya rasu a satin. Sauran ukun suna raye har yau.

Bayan an buɗe gari, asibitin ya aiko mata da takardar yabo a cikin firam. Ta duba ta gaba da baya, ta miƙa wa ɗan aiken.

"Ka mayar wa shugaban asibitin. Ka ce ya rubuta sunayen mutum biyar ɗin nan, ya manna a ƙofar. In bai san su ba, ya turo a tambaye ni."

Wata biyu ana ja, kafin aka manna. An kuskure harafi ɗaya a sunan malamar makaranta, ta koma ta tsaya a kansu har aka gyara.