Rigar da Saja Bai Dawo Ya Karɓa Ba

Ni tela ne. A Anguwan Rogo ta Jos na buɗe ido na ga mahaifina a kan keken ɗinki, a nan kuma na tsufa. Karatuna bai wuce firamare ba. Maganar da zan yi ta babban ɗana ce, da aikin ɗan sanda da ya nema.

Wani sajan 'yan sanda ya taɓa kawo mini baƙin yadi na ɗinka masa kayan aiki. Kafin ya zo karɓa aka yi masa canjin gari, rigar ta zauna a rataye a shago. A lokacin ba a daɗe da yin rikici a Jos ba, hanyoyi duk shingayen bincike. Ina da kwangilar kayan 'yan makaranta a Kuru, ɗan nawa ne ke kaiwa. Kowane shinge sai an sauke buhun an zazzage, kayan da muka sha wahalar gogewa su isa kamar an tattaka.

Wata safiya na dube shi, dogo mai faɗin kafaɗa, na dubi rigar. Na ce, "Gwada wannan mu gani."

Ta zauna masa kamar shi na auna. Ya ce, "Baba, ba laifi ba ne?"

Na ce, "Kai dai shiga gaba kusa da direba, ka kama bakinka."

Abin ya yi aiki. Direbobi suka riƙa ce masa oga, buhu kuwa ba mai taɓawa. In ya dawo ya ba ni labari mu yi ta dariya. Ban taɓa kiran abin ƙarya ba, dabara nake cewa. Ranar da dubu ta cika, wani sufeto ne ya leƙa cikin bas ɗin, ya ga kaki a sama, silifas a ƙasa. Ni da nake ji da kaina a ɗinki, ban tuna da takalmi ba.

Ya kwana a caji ofis. Maƙwabcin shagona, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, shi ya raka ni roƙo. A hanya yana ta cewa, "Oga tela, wannan wasa naka ba kyau fa. Yaro ne za ya sha shi, ba kai ba." Aka sake shi bayan an ɗauki bayaninsa da zanen yatsunsa. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe rigar ta shiga ransa. Ya koma ya gyara jarrabawarsa ta sakandare, kullum da asuba yana gudu har Tudun Wada ya dawo. Da aka buɗe ɗaukar kurata ya je. Tsayi ya kai, ƙirji ya kai, gudu ya wuce na gabansa. Saura tambayoyin baki.

Ranar da zai tafi ya tsaya a ƙofar shago. "Baba, in sun tambaye ni ko an taɓa kama ni fa?"

Ban ko ɗaga ƙafa daga keke ba na ce, "Ka ce a'a. Wa zai tono wannan tsohon zance?"

Ya ce a'a. Su kuma suka aika ofishin 'yan sandan yankinmu a bincika halin kowane mai nema. Aka tono tsohon zancen, sunansa bai fito cikin waɗanda aka ɗauka ba.

Na sa babbar riga na je na sami jami'in da ke kula da ɗaukar. Na faɗa masa komai: ni na ɗinka rigar, ni na sa masa, ni na ce ya musanta. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kawo mini kujera.

Ya ce, "Baba, ƙaryar farkon, ta rigar, da ya faɗa da bakinsa, da mun duba. Yaro ne ubansa ya aike shi. Amma ta biyun a gabanmu ya yi ta, da gemunsa. Wannan mutum ne da gobe alƙali zai ɗaure wani a kan maganarsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne."

Ya ce, "Na yarda. Sai dai ba kai za mu ba bindiga ba."

Da na dawo na tarar da shi a shago yana sa maɓallai. Na gaya masa yadda muka yi, ban rage komai ba. Ya ce, "Allah bai nufa ba, Baba." Na ce kada ya ɗora wa Allah abin da ni na yi. Ya ci gaba da sa maɓallansa. Shekara biyu bayan haka shekarunsa suka wuce na ɗauka, ya daina fita gudun asuba.