Ranar da Bature Ya Zo Auna Hankali

Ni na ba maigidana shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ina goyon ɗanmu na fari, Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba, aka yi shela a Illela cewa wani Bature likita zai zo auna hankalin mutane. Ba ciwo zai duba ba, hankali. A lokacin labari na zuwa daga Birnin Kwanni cewa Faransawa suna tsintar maza masu kaifin kai su tafi da su, ba a sake jin ɗuriyarsu. Dattawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Aka ƙulla a ɓoye, kowa ya koma wawa a gaban Bature.

Maigidana falke ne. Zai kalli ayarin jakuna sau ɗaya ya faɗa maka abin da ke kan kowanne. Abin da nake taƙama da shi a cikin mata, shi ya hana ni cin tuwo kwana biyu. Na ce masa, "Malam, don Allah ko mi anka tambaye ka, ka ce ba ka sani ba."

Ya yi dariya. "Yau kuma ke ka koya min wauta?"

Da hantsi Bature ya kafa tebur a gindin tsamiyar kasuwa, ga agogo, ga littafi, ga tafinta, ga dogarai biyu da igiya a kafaɗa. Sai ya jera kaya a faifai, allura, goro, ludayi da su zobe, ya nuna, ya rufe da ƙyalle, ya ce mutum ya lissafa abin da ya gani. Maza suka yi ta zuba wauta kamar an sa gasa. Limamin unguwarmu, mai izu sittin a ka, goro kaɗai ya tuna! Bature yana rubutu yana gyaɗa kai, kamar dama abin da ya zo nema ke nan. Ni ban san aikin likita ba, amma na san wanda ya zo tambaya da igiya a bayansa, tsoronmu zai auna ya tafi da shi a littafi.

Da aka zo kan maigidana, sai ya zarce kowa. Ya ce shi bai ga komai a faifan ba. Bature ya ajiye alƙalami. Ya daɗe yana kallonsa.

Tafinta ya ce, "Bature ya ce za a sauƙaƙa maka. Mene ne sunan ɗanka?"

A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle yaron sunan surukina ya ci, ga tsohon nan zaune a gaban jama'a. Maigidana ya sunkuyar da kai. Aka maimaita har sau uku. Wannan karon ba wauta yake yi ba, amma ina Bature zai bambance? Tafintan Bahaushe ne, ya san komai, sai dai magana aka ɗauke shi ya juya, shiru kuwa bai juya ba.

Surukina ya miƙe. "Ranka shi daɗe, kunya ta, ba hauka ba!"

Bature bai ɗago ba. Tafinta ya ce, in ji Bature, mutumin da bai ga kaya ba, bai san sunan ɗansa ba, sai an kai shi Sakkwato a ƙara duba kansa. Kowa ya san masu ciwon kai a can marin ƙarfe ake sa musu a ƙafa.

Magana ɗaya ta rage, tana bakina: ni na sa shi, duk garin ƙarya muke yi. Na ɗaga kai, na tarar da idanun mazan Illela duka a kaina, har da na liman. In na faɗa, na miƙa su. Na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin kaina da nasu.

Dogari ya kwance igiya. Maigidana ya miƙa hannu da kansa, bai waiwayo ba. Bature ya jera kayansa a faifai, ya kira na gaba.

Yaron da ke bayana ranar yanzu ya yi furfura. Bai san fuskar ubansa ba.