Kwalaben Lemon da Na Kai Mahuta

Shekarar da na fara aiki a injin gurzar auduga na Funtuwa, kaina ya yi girma har hula ta daina shiga. Ina neman aure a Mahuta, sai na ga kai wa uban yarinyar goro kawai aikin ƙauyawa ne. Na sayi lemon kwalba biyu, na ɗaure a bayan keke, na bi gargadar hanya da tsakar rana.

Na tarar da tsohon, uban nata, a zaure tare da limamin gari. Bayan gaisuwa na ciro kwalba ɗaya cikin isa, na ɓalle marfin. Sai ta yi tsaki, kumfa ya yi tsiri ya wanke wa liman gaban riga.

"Subhanallahi!" in ji liman. "Abin da ke tafasa ba wuta ai sunansa ɗaya."

Na juya ga tsohon da sauri. Na ce, "Baba, wallahi ba giya ba ce. Iska ce ake dannawa cikin ruwan sanyi, ruwan ya shanye ta, a toshe. Zafi da jijjigar keke ne suka sa ta neman hanya."

Tsohon ya ce, "Yaro, tun da nake ban taɓa ganin ruwa ya sha iska ba."

Liman ya ce shi ba zai ɗanɗana ba, kuma babu Musulmin da zai sa ya ɗanɗana. Aurena ya tsaya cak, sai an samo wanda ya san giya. Aka aika kiran wani dattijon Bamaguje da ke noma kusa da su, wanda matarsa ke dafa burkutu.

Ya zo ya zauna daga bakin ƙofa, ya shanye ragowar. Ya ce bai tabbatar ba tukuna, a miƙo ɗayar. Ina kallo ya shanye ta tas, ya yi gyatsa mai tsawo.

Ya dubi liman ya ce, "Malam, babu komai a ciki. Ruwa ne da sukari da iska. An cuci yaron nan."

Liman ya yi hamdala. Ni kuwa haushi ya hana ni godiya.

Uban yarinyar ya daɗe yana jujjuya kwalbar a hannu, sannan ya ce, "Mashayi dai ba zan ba shi 'yata ba. Amma wanda ake sayar wa iska, wannan za ta iya da shi. Turo manyanka."